Saƙa wa dutse riga: Lissafin da ya kamata matan Kura da Bunkure su yi kafin ɗaukar kwarashi

Mai yawan duba hotunan sana'o'in hannu a wayarsa da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani ɗan dutse mai sulɓi da aka lulluɓe da farar saƙa mai huda-huda ba, har launin dutsen yana leƙowa ta tsakanin zare. Wani an yi masa zanen fure, wani tauraro, wani kuma kamar saƙar gizo-gizo. A ƙasashen Turai da Amurka ana sayar da irin waɗannan duwatsu a matsayin kayan ƙawa, ana ajiye su a kan teburi ko a bayar da su kyauta.

Bahaushe na jin an ce dutse da riga, dariya ce za ta fara kama shi, don kuwa dutse ba ya jin sanyi. To amma wannan ƙaramar sana'a tana ɗauke da tambayar da ta shafi duk wani aikin hannu da ake kwaɗaita wa matan karkara: idan kayan aikin kusan kyauta ne, kuma abin da ake sayarwa lokacin mace ne da ƙwarewar yatsunta, wane ne zai biya, kuma nawa? Babu inda wannan tambaya ta fi nauyi kamar yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano, inda lokacin mace yake da tsada, inda kuma aka taɓa gina babbar kasuwa a kan zare da shuni.

Daga ina saƙar ta fito?

Kalmar kwarashi da matanmu ke amfani da ita ta samo asali ne daga wata kalmar Faransanci mai nufin ƙaramar ƙugiya. Saƙa ce da ake yi da tsinke ɗaya tak mai lanƙwasa a baki, saɓanin saƙar tsinke biyu da ake yin rigunan sanyi da ita. Ba tsohuwar sana'a ba ce sosai idan aka kwatanta ta da saƙar tufafi ko rini. Bayanin farko da aka buga kan yadda ake yin ta ya fito ne a wata mujallar ƙasar Holan mai suna Penélopé a shekarar 1823.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne yunwa. Lokacin da cuta ta halaka dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845 zuwa 1852, aka rasa kimanin mutum miliyan ɗaya, an riƙa koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi domin su sami abin sawa a baki. Dillalai suna kawo zare da samfuri, su karɓi aikin, su kai shi Ingila da sauran wurare inda masu hali ke saye. Iyalai da dama sun rayu da wannan, wasu ma da kuɗinsa suka biya jirgin ruwa zuwa Amurka. Abin lura a nan shi ne an san mai saye tun kafin a ɗaura zare.

Lulluɓe abubuwan da ba sa buƙatar sutura kuwa sabon salo ne. A shekarar 2005 wata mata mai suna Magda Sayeg ta saƙa wa mariƙin ƙofar kantinta riga a birnin Houston na Amurka, daga nan aka shiga yi wa turakun fitilu da bishiyoyi da kujerun bakin titi ado da saƙa a manyan birane. 'Yan shekaru bayan haka, wata likita a ƙasar Kanada, Margaret Oomen, ta yi suna wajen saƙa wa duwatsun bakin teku riga da siririn zare, kuma aikinta na cikin waɗanda suka yaɗa salon a duniya.

Akwai wani abu guda da ya bambanta kwarashi da sauran saƙe-saƙe. An ƙera keken saƙa da ke fitar da rigar sanyi cikin ɗan lokaci, amma har yau babu injin masana'anta da ke yin ainihin saƙar kwarashi yadda hannu ke yi, domin kowane ido sai an kammala shi kafin a shiga na gaba, kuma ƙugiyar na iya komawa kowane gefe. Wannan shi ne ƙarfin sana'ar, domin inji ba zai ƙwace ta ba. Shi ne kuma rauninta, domin ba yadda za a yi a gaggauta ta.

Yadda ake yin aikin

Ana fara wa ne da zaɓen dutse. Wanda ya fi dacewa shi ne mai sulɓi, mai ɗan faɗi, wanda zai zauna a tafin hannu, irin wanda ruwa ya daɗe yana gogewa a gindin rafi. Dutse mai kaifi yana tsinka zare, mai ɓurɓushi kuma yana ɓata shi. A wanke shi da sabulu, a shanya ya bushe sarai, don danshin da ya maƙale a ciki yana sa farin zare ya yi jirwaye.

Zaren auduga siriri mai ƙarfin murɗi shi ne na wannan aiki, ba ulun roba da ake saƙa kayan jarirai da shi ba. Ulun roba yana miƙewa, bayan 'yan makonni rigar ta saki, dutsen ya riƙa juyawa a ciki. Kwarashin kuma na ƙarfe ne, mai siririn baki, wanda kaurinsa bai kai milimita 2 ba.

Masaƙiya za ta yi 'yar sarƙa ta haɗe bakinta ta zama zobe, sannan ta riƙa zagayawa tana ƙara yawan idanu a kowane zagaye domin saƙar ta kwanta shimfiɗe kamar faifai. A nan ake fitar da zane. Lokaci-lokaci za ta ɗora aikin a kan dutsen ta auna. Da zarar ya kusa rufe fuskar dutsen sai ta daina ƙari, ta yi zagaye ɗaya ko biyu a haka, saƙar ta fara lanƙwasowa kamar ƙoƙo. Daga nan ta saka dutsen a ciki, ta ci gaba da saƙa a jikinsa tana rage idanu, har bakin ya tsuke a ƙasa, ta ja zaren da ƙarfi ta ƙulle, ta ɓoye bakinsa da allura.

Sirrin aikin shi ne rigar ta kasance ta ɗan fi dutsen ƙanƙanta, domin sai an ja ta da ƙarfi zanen ke buɗewa. Kuma da yake babu duwatsu biyu masu siffa ɗaya, ba a bin samfuri ido rufe. Dole masaƙiya ta riƙa ƙari da ragi gwargwadon abin da ke hannunta. Wannan ne ya sa aikin ya fi ƙarfin 'yar koyo ta mako guda.

Hannun da ya san faifai

Saƙa wa dutse riga ba gadonmu ba ne, amma dabarar da ke cikinta tsohuwa ce a ɗakunan matan Hausawa. Faifai ma daga cibiya ake fara shi, a riƙa naɗa ciyawa ana ɗinke ta da kaba, ana zagayawa ana faɗaɗawa, ana sauya launi domin fitar da zane. A da ana rina kabar da karan dafi, daga baya galura ta shigo, yanzu kuma har da zaren buhu da leda ake yi. Faifai marfin ƙwarya ne, abin fifita ne, abin bakace ne, sannan ado ne a jeren amarya. Wato Bahaushiya ta daɗe da sanin yadda ake haɗa amfani da ƙawa a abu guda.

Shi kansa kwarashi ya daɗe da zama ɗan gida. Ya shigo ta makarantun 'yan mata na zamanin Turawa da darussan kula da gida, sannan cibiyoyin koyar da mata sana'a suka yaɗa shi. Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, duk sun ba koyar da sana'o'in hannu irin su ɗinki da saƙa muhimmanci. Wanda ya tashi a gidan ma'aikaci a waɗancan shekaru zai tuna fararen saƙe-saƙen da ake yafa wa kujeru da rediyo da talabijin. Har gobe kuma hular jariri da safarsa da mayafin goyonsa suna cikin abin da ake kai wa mai jego.

Saboda haka matsalar ba ta ƙwarewa ba ce. Macen da ta iya faifai ko hular jariri za ta iya lulluɓe dutse. Matsalar tana wajen lokaci da kasuwa.

Inda rani ba hutu ba ne

A yawancin ƙasar Hausa sana'o'in hannu 'ya'yan rani ne. Idan aka kai amfanin gona gida, sai a sami watanni babu aikin gona, a nan ne ake saƙa da jima da ɗinkin hula da yin tabarma. Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya fita daga wannan tsari tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana har cikin gonaki. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Sakamakon haka shekara ba ta da gurbi. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama da masara. Garin Kura, mai nisan kimanin kilomita 30 daga Kano a kan hanyar Zariya, ya zama matattarar cinikin shinkafa, Kwanar Gafan kuma ta tumatir. Mata suna da babban kaso a wannan hada-hada. Su ne ke yin gumi, wato jiƙa shinkafa da turara ta da shanya ta kafin a kai inji. Su ne ke sheƙa da tsince tsakuwa. Wasu na fita aikin ƙodago lokacin girbi da tsinkar tumatir, wasu na dafa abincin da ake kai wa ma'aikata gona.

Duk waɗannan ayyuka ne da ake biya nan take, kuma kasuwarsu ba ta yankewa, domin kowa na cin shinkafa. Macen da ke da tukunyar gumi da masu kawo mata buhu, idan aka ce ta ajiye ta ɗauki kwarashi, an cuce ta.

Sai dai ba kowace mace ce ke iya tsayuwa a gaban wuta da hayaƙi ko ɗaga buhu ba. Akwai tsofaffi, da masu lalurar ƙafa, da masu jego, da amaren da ba su tara jarin sayen tukunya da itace ba, da 'yan matan da ke makaranta. Akwai kuma sa'o'in da ke tsakanin ayyuka, kamar lokacin gadin shanya. Masu bincike irin su Polly Hill, wadda ta rubuta kan ɓoyayyen cinikin matan kulle a 1969, da Enid Schildkrout da ta yi nazarin tallar yara a birnin Kano, sun nuna irin dukiyar da ke juyawa a cikin gidaje ba tare da matan sun taka kasuwa ba. Ga irin waɗannan mata ne sana'ar da jarinta bai wuce ƙugiya da ƙullin zare ba take da ma'ana.

A buga lissafi

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yulin 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. Idan aka raba shi a kan kwanakin aiki 22, kowace rana awa 8, awa ɗaya ta kama kusan Naira 400. A ɗauka, a misali, lulluɓe dutse ɗaya ya ci wa ƙwararriya awa biyu. Ladan hannunta kaɗai ya kai Naira 800 ke nan, ba a sa kuɗin zare ba, ba a sa wahalar nemo dutse da wanke shi ba, ba a sa kuɗin mota zuwa Kano da ribar mai shago ba. Kafin ya isa hannun mai saye, farashin na iya ninkawa.

Shi kuma zare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, kaso mai yawa na zare da kayan ɗinki daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin Dala. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dalar da hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024.

Tambayar ita ce, a lokacin da magidanci ke lissafin kwanon shinkafa, wa zai fitar da wannan kuɗi ya sayi dutse? A ƙauye babu. Idan kuma aka karya farashi domin a sami shiga, asarar a kan masaƙiya za ta faɗa, ta yi aikin awa biyu a ladan rabin awa. Wannan shi ne ramin da sana'o'in mata da yawa ke faɗawa, domin ba a saba sa lokacin mace a cikin lissafi ba.

Fitar da shi waje ma yana da nasa cikas. Kamfanonin aika kaya da nauyi suke caji, shi kuwa dutse nauyi ne zalla. Kuɗin jigilar 'yan ƙwarori kaɗan zuwa Turai na iya cinye ribar gaba ɗaya, alhali can ma suna da duwatsunsu da masaƙansu.

Darasin ɗan Kura

Amsar wannan matsala tana cikin tarihin garin Kura kansa. Tun kafin a yi mafarkin Tiga, sunan Kura ya kai Agadas da cikin Sahara saboda turkuɗi. Ana saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, a ɗinke shi layi-layi, a tsoma a marina sau da yawa har ya yi baƙi wuluk, sannan masu bugu su zuba masa shuni su buge shi a kan gungume har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Shi ne rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda sarakuna ke naɗawa, Abzinawa kuma ke ɗauka abin alfahari duk da yana rina musu fata.

Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a kan wannan masana'anta ta rini, ya kuma nuna irin rawar da garuruwan da ke kewaye da birni suka taka a cikinta.

Marinan Kura ba su yi rini sannan suka zauna jiran mai tsautsayi ba. Sun san mai sayensu, sun san launin da yake so da irin ƙyallin da zai biya kuɗi a kansa. Akwai fatake da ke zuba jari, akwai masu masauki da dillalai da ke haɗa su da baƙi. Aikin ya rabu hannu-hannu, daga mai kaɗi zuwa masaƙi, zuwa maɗinki, zuwa marini, zuwa mai bugu. Kuma abin da suke sayarwa ba a samun irinsa a wani wuri. Duk sana'ar ƙawa da ta rasa waɗannan abubuwa, wato sanannen mai saye da mai zuba jari da tambarin gida, ba ta daɗewa.

Inda ƙofa take

Idan har dutse mai riga zai sami gurbi a Kano, sai ya bi hanyar faifai, ya zama yana da aikin yi. A ofis inda fanka ke watsa takardu, abin danne takarda ne. A shagon tela yana danne yadi lokacin yanka. Babba daga ciki yana tokare ƙofa, ko ya riƙe gefen labule da ledar cin abinci a tsakar gida lokacin iskar hunturu. Akwai kuma kasuwar kayan rabo a bukukuwa da tarurrukan ma'aikatu, inda ake kashe kuɗi mai yawa a kan robobi da kofunan da aka shigo da su daga Sin. Irin wannan ciniki na oda ne, ana faɗin adadi da rana, ana kuma bayar da kafin alƙalami, wanda shi ne abin da mai ƙaramin jari ta fi buƙata.

Zanen ma bai kamata ya zama kwafin na Turawa ba. Muna da dagi, muna da aska takwas ta babbar riga, muna da zanen faifai da na ƙwarya. Zaren audugar da aka tsoma a shunin Kura ko na marinar Ƙofar Mata zai ba aikin fuskar da baƙon da ya shiga Kasuwar Kurmi neman tsaraba ba zai samu a ƙasarsu ba. Ita kuma ƙwarewar ba ta tsaya a kan dutse ba: hannun da ya iya matse saƙa a jikin abu mai lanƙwasa zai iya yi wa kwalba da gora da ƙoƙo da tulun turaren wuta, waɗanda ba su da nauyi kuma an riga an san amfaninsu.

Akwai hattara guda biyu. Na farko, kada neman dutse ya kai yara ga ɓamɓare duwatsu da simintin da aka daɓe hanyoyin ruwa da su, ko shiga cikinsu lokacin da aka sako ruwa. Gyaran waɗannan hanyoyi yana cikin ayyukan da aka yi da rancen kusan Dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince wa Najeriya a 2014 domin farfaɗo da noman rani a Arewa, kuma duk ɓarakar da aka yi manomin da ke ƙarshen layi ne zai rasa ruwa. Na biyu, ƙananan duwatsu masu ado suna jan hankalin yara, don haka ba abin ajiyewa kusa da mai rarrafe ba ne.

Ga ɗan kasuwar da ke sha'awar gwadawa, hanya mafi aminci ita ce ya fara da samfuri kaɗan, ya nuna wa masu shirya biki da masu sayen kayan ofis, sai ya sami oda sannan ya raba zare, ya kuma biya ladan da ya yi daidai da sa'o'in da aka kashe. Ga jami'in da ke tsara shirin koyar da sana'a a ma'aikata ko ƙaramar hukuma, ma'aunin nasara ba yawan matan da aka yaye aka ɗauki hoto da su ba ne. Ma'aunin shi ne mata nawa ne ke sayar da abin da suka koya bayan wata shida, kuma nawa ke shiga hannunsu a kowace awa idan aka kwatanta da abin da tukunyar gumi ke bayarwa. Idan lissafin bai fita ba, gara a saya musu tukunyar.